Ra'ayinmu: Aya Ɗaya da Safe, Ta Wadatar?

Duk ƙarshen shekara, tun kafin hidimar Kirsimeti ta kankama, shagunan littattafan Kirista a Jos da Kaduna da Yola da sauran garuruwa kan cika da sababbin littattafan ibada na shekara mai zuwa. Tsarinsu kusan ɗaya ne: kowace rana da shafinta, a sama aya ɗaya daga Littafi Mai Tsarki, a ƙarƙashinta gajeren bayani da darasin da za a ɗauka, sai addu'a ta layi biyu ko uku. Manyan ikilisiyoyin Arewa suna buga nasu, wasu da Hausa wasu da Turanci. Ƙungiyar Scripture Union tana da nata. Ga kuma waɗanda manyan fastocin Kudu ke rubutawa, irin su Open Heavens na Fasto Enoch Adeboye da Rhapsody of Realities na Fasto Chris Oyakhilome, waɗanda ake gani har a hannun mutanen da ba su taɓa taka majami'un marubutan ba. Yanzu kuma wayar hannu ta shigo cikin lamarin, kafin gari ya waye ayar ranar ta riga ta iso.

Ga dubban gidaje, wannan shafi ɗaya shi ne duk abin da suke ji daga Maganar Allah tsakanin Lahadi da Lahadi. Shi ya sa muhawarar da ake yi a kansa a makarantun horar da fastoci da tarurrukan dattawan ikilisiya ba ƙaramar magana ba ce. Wasu na ganin waɗannan littattafai sun riƙe bangaskiyar mutane da yawa. Wasu kuma na ganin sun raba mutane da Littafin da suka zo yi wa hidima. Mun saurari ɓangarorin biyu, kuma muna ganin kowanne yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba.

Masu goyon baya suna farawa ne da halin da jama'a ke ciki. Manomi a lokacin damina yana fita kafin rana ta ɗaga. Uwa tana da girki da shirya yara zuwa makaranta. Ma'aikaciyar jinya ta kwana a bakin aiki. Littafi Mai Tsarki kuwa babba ne, littattafai 66 a hannun Furotesta, 73 a hannun Katolika, kuma a cikin 66 ɗin kaɗai akwai surori 1,189. Wanda ya buɗe shi da niyyar karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba tare da jagora ba, sau da yawa yakan tsaya a Littafin Firistoci ko Littafin Ƙidaya, inda dokokin hadaya da jerin sunaye ke gajiyar da shi. Shafin ibada yana ba irin wannan mutum wurin farawa. Yana kuma ba maigida abin da zai riƙe idan ya tara iyalinsa don addu'ar safe, ko da bai yi makarantar Littafi ba. A ƙauyuka da dama inda fasto ɗaya ke zagaya majami'u uku ko huɗu, mai bishara ko wani dattijo da wannan ɗan littafi yake jagorantar sujada. A taron Zumuntar Mata ma haka, wadda ta iya karatu ta karanta, sauran su saurara su tattauna. Da babu, gara ba daɗi, in ji masu iya magana, kuma a nan abin ya ma fi ƙarfin a kira shi ba daɗi.

Suna kuma da tarihi a bayansu. Al'adar ba ta yau ba ce, ba kuma a Legas aka ƙirƙiro ta ba. A ƙauyen Herrnhut na ƙasar Jamus, jama'ar Morabiya ƙarƙashin jagorancin Zinzendorf sun fara ba juna ayar yini a 1728, suka fara buga ta a littafi a 1731, kuma har yau ana bugawa kowace shekara cikin harsuna da dama. Our Daily Bread da mutane da yawa suka sani ya fara fitowa a Amurka a 1956. Aya ɗaya ta sha juya rayuwar mutum ɗungurungum. Agustin, ɗan Arewacin Afirka wanda ya zama bishop na Hippo, ya ba da labarin cewa a shekarar 386, a wani lambu a Milan, idonsa ya faɗa kan ayoyi biyu a sura ta 13 ta wasiƙar Romawa, daga nan bai koma tsohuwar rayuwarsa ba. Charles Spurgeon yana ɗan shekara 15 ya ji wa'azi a kan aya ɗaya daga Ishaya 45 a wata ƙaramar majami'a a Ingila cikin 1850, ya kuma zama ɗaya daga cikin mashahuran masu wa'azi na zamaninsa. Duk wanda ya ce aya ɗaya ba ta iya komai, tarihin ikilisiya zai ƙaryata shi.

Sai dai masu ƙorafi ma ba su ce aya ɗaya ba ta iya komai ba. Abin da suke cewa shi ne, annabawa da manzanni ba aya-aya suka rubuta ba. Wasiƙu suka rubuta, da tarihi, da waƙoƙi, da wa'azi. Rarraba Littafin zuwa surori aikin ƙarni na 13 ne, wanda ake dangantawa da Stephen Langton, babban bishop na Canterbury. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. An yi haka ne don sauƙin nemo wuri, amma sai ya buɗe hanyar ɗauke jimla ɗaya daga tsakiyar zance a tafi da ita. Ga kuma lissafi mai sauƙi: ayoyin Littafin sun haura 31,000, kwanakin shekara kuwa 365 ne. Wanda bai taɓa fashin shafinsa ba, idan ayar sama kaɗai yake karantawa, a ƙarshen shekara bai wuce kashi ɗaya da ɗigo cikin ɗari ba. Kuma ba ayoyi sababbi yake samu kowace shekara ba, domin marubuta suna yawan komawa ga waɗanda suka fi daɗin ji.

Misalin da ya fi bayyana matsalar shi ne Irmiya 29:11, ayar da ake rubutawa a katin yaye ɗalibai, da jikin motoci, da shafin ranar farko ta sabuwar shekara. A cikinta Allah yana tabbatar wa mutanensa cewa nufinsa a kansu na alheri ne, kuma akwai makoma a gabansu. Yawancin bayanan da ake ɗora mata suna cewa wannan shekara taka ce, aikin da kake nema yana hanya, auren da ya makara ya kusa. To amma wa aka rubuta wa wannan magana, kuma a wane hali? Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga Yahudawan da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekarar 597 kafin haihuwar Almasihu, tare da sarkinsu Yekoniya da masu sana'a. Mutane ne da suka rasa gida da gona da Haikali. A sura ta 28, wato daf da wannan, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a gaban jama'a ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo daidai, har ya karya karkiyar itacen da Irmiya ke ɗauke da ita a wuya. Irmiya ya ce masa Allah bai aike shi ba, ya sa mutane sun dogara ga ƙarya. Hananiya ya mutu a wannan shekarar.

Wasiƙar kanta kuwa abin da ta ƙunsa mai nauyi ne. Ta ce wa 'yan bautar su gina gidaje su zauna, su shuka lambuna, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da ya ci su da yaƙi, har su yi masa addu'a. Ta gargaɗe su kada su saurari masu annabci da masu mafarkin da ke faɗa musu abin da suke so su ji. Sannan a aya ta 10 ta faɗi wa'adin: shekara 70. Bayan wannan ne aya ta 11 ta zo. Ke nan dattijon da ya ji an karanta wasiƙar a Babila ya san cewa shi kam a can za a binne shi, alkawarin sai jikokinsa. Duk da haka an kira wannan nufin alheri. Idan marubucin yau ya ɗauki aya ta 11 ya ce wa mai karatu matsalarsa za ta ƙare kafin Ista, ya sa saƙon Hananiya a bakin Irmiya, ko ya sani ko bai sani ba.

Haka abin yake da Filibiyawa 4:13, ayar da ke cewa mai bi zai iya komai ta wurin mai ƙarfafa shi, wadda ake karantawa kamar takardar tabbacin cin jarrabawa ko cin zaɓe. Bulus yana tsare a kurkuku ya rubuta ta, kuma ayoyin da suka gabace ta suna magana ne a kan yadda ya koyi zama da ƙoshi da zama da yunwa, da samu da rashi. Ƙarfin da yake nufi har da ƙarfin jure rashi. Gaisuwar da ke farkon wasiƙar Yohanna ta uku, inda marubucin ke yi wa abokinsa Gayus fatan lafiya, ita ma an mayar da ita doka cewa duk mai bi na gaskiya dole ya yi arziki.

Adalci ya sa mu ce masu irin wannan rubutu ba duka ne 'yan kasuwa ba. Da yawansu suna duban jama'ar da tsadar abinci da rashin aiki da rashin tsaro suka danne, suna ganin abin da mutum ke buƙata da safe shi ne kalmar da za ta ɗaga shi ya fita nema. Suna kuma da nassi a hannu: Sabon Alkawari da kansa yana koyar da cewa abin da aka rubuta a dā an rubuta shi ne domin koyarwar na baya da ƙarfafa su. Idan aka ce kowace aya ta mutanen zamaninta ce kaɗai, an mayar da Littafin kundin tarihi, ba wanda zai ƙara buɗe shi yana neman ta'aziyya. Akwai kuma wani nau'in malanta da ke kashe zuciya, wanda zai cika mutum da sunayen sarakunan Babila ya bar shi ba abin da zai riƙe idan ɗansa na kwance a asibiti. Wannan ma gazawa ce, kuma wasu daga cikin masu ƙorafin suna da ita.

Ina ma'aunin yake? Muna ganin yana cikin labarin gwajin Yesu a jeji, a Matiyu sura ta 4. A can Iblis ya kai shi ƙololuwar Haikali, ya jawo masa ayoyi daga Zabura 91 game da tsaron mala'iku, ya ce ya dira. Ayoyin na gaskiya ne. Yesu kuma bai amsa da dogon bayani ba, aya ɗaya ya mayar masa daga Maimaitawar Shari'a, wadda ke hana gwada Allah. Dukansu biyu gajeren nassi suka kawo. Bambancin shi ne ɗaya ya tsinke ayar daga nufinta, ɗayan ya yi magana da ita daidai da abin da dukan Littafin ke koyarwa. Saboda haka gajarta ba ita ce laifin ba. Abin tambaya a kan kowane shafin ibada shi ne, idan mai karatu ya buɗe surar ya karanta ayoyi goma na gaba da goma na baya, zai ga abin da aka faɗa masa, ko zai ga akasinsa? Maƙwabta Musulmi sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida a fagen tafsiri, inda ba a ɗaukar malami da muhimmanci idan bai san sababin saukar aya ba. Kiristoci ma suna da ita a gadonsu: mutanen Biriya an yaba musu a Ayyukan Manzanni 17 domin suna binciken Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Idan an binciki Bulus, babu marubucin da ya wuce a bincike shi.

Wannan magana ta fi nauyi a wurinmu fiye da wurare da yawa, saboda abin da masu bi a wannan yanki suka gani da idonsu. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A watan Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. A watan Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an yi garkuwa da shi. Akwai iyalai daga yankin Gwoza da suka haura shekara goma a sansanonin gudun hijira, wasu a Minawao cikin Kamaru, yaran da aka haifa a can ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Me shafin da ke cewa wannan watan na buɗi ne zai ce wa gwauruwar da ta ji haka a watanni fiye da ɗari? Ɗayan biyu ne: ko ta zargi kanta da ƙarancin bangaskiya, ko ta fara shakkar Allah. Duka biyun zalunci ne a kanta. Amma Irmiya 29 cikakkiya, da shekarunta 70 da umarninta na shuka lambu a ƙasar baƙunci, kamar dominta aka rubuta. Haka Littafin Makoki, da Zabura 88 wadda ta ƙare ba tare da an ga mafita ba, da ƙarshen Habakuk inda annabin ya ƙudura yin farin ciki da Allah ko gona ba ta ba da komai ba, ko garke ya ƙare. Waɗannan su ne wuraren da littattafan ibada masu farin jini suka fi tsallakewa, alhali su ne suka fi dacewa da rayuwar mutanenmu da yawa.

Akwai kuma abin da ake tsallakewa ta ɗaya gefen. Amos yana magana a kan 'yan kasuwar da ke rage mudu su ƙara farashi. Wasiƙar Yakubu tana magana a kan masu gona da ke danne ladan ma'aikatansu. Mai bi da ke da shago a kasuwa ko kujera a ma'aikatar gwamnati yana buƙatar ya ci karo da waɗannan da safe kamar yadda yake buƙatar ta'aziyya. Ibadar da kullum take lallashi, ba ta taɓa tsawatawa, ba za ta gyara halin kowa ba.

Matsayinmu shi ne littafin ibadar yau da kullum ya zauna, kada wani fasto ya hana mutanensa shi da sunan tsantseni. Amma a san matsayinsa. Zaure ne, ta nan ake shiga gida, kuma wanda ya shimfiɗa tabarma a zaure shekara da shekaru bai san cikin gidan ba. Nauyin gyara kuwa ba a kan manomi ko uwar yara yake ba. Yana kan waɗanda ke rubutawa da ikilisiyoyin da ke sa hatiminsu a bangon littafin.

Hanyar gyaran ba baƙuwa ba ce. Tsarin Scripture Union tun asali shi ne a bi littafi ɗaya daki-daki, ana karanta sashe mai ɗan tsawo kowace rana, har a zagaye Littafin cikin 'yan shekaru. Ikilisiyar Katolika tun 1969 tana da jadawalin karatu na shekara uku don ranakun Lahadi da na shekara biyu don sauran ranaku, wanda ke tilasta wa mai wa'azi ya fuskanci nassin da da kansa ba zai zaɓa ba. Littattafan da ake bugawa da Hausa za su iya ɗaukar wannan ba tare da sun ƙara kauri ba: a sa sashen da za a karanta a sama da manyan baƙaƙe, a ba da layi biyu na wanda ya rubuta da wanda aka rubuta wa, sannan darasi ya biyo baya. Muna kuma ganin ya kamata a daina ɗaura alkawarin Allah a kan kwanan wata. Babu marubucin da ke zaune a watan Yuli yana shirya shafin 14 ga Maris na baɗi da ya san abin da zai sami dubban mutanen da za su karanta shi a ranar. A cikinsu akwai wanda zai sami aiki, akwai wanda zai binne mahaifiyarsa, kuma shafin na dukansu ne.

Ga masu karatu, abin da muke roƙo kaɗan ne: Littafi Mai Tsarki ya kasance a buɗe kusa da ɗan littafin. Masu jin Hausa ba su da uzurin harshe. Tun 1932 aka buga cikakken Littafin da Hausa, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, an kuma sake fassara shi daga baya cikin Hausar da ta fi sauƙi. Shi ake karantawa daga Wusasa har Maraɗi, a bakin ƙabilu da dama da Hausa ta zama musu harshen sujada. Sura uku zuwa huɗu a rana suna kai mutum ƙarshe cikin shekara, wanda kuma bai iya haka ba, sura ɗaya ma tafiya ce. Waɗanda ba su iya karatu ba, yanzu akwai Littafin cikin murya a waya, kuma matasan majami'a za su yi babban aiki idan suka sa wa tsofaffi shi a wayoyinsu.

Saura masu bishara da dattawan ƙauye, waɗanda su ne ke karanta waɗannan shafuka ga jama'a da babbar murya, su ne kuma aka fi mantawa da su wajen horo. Wani baƙo ɗan Habasha a Ayyukan Manzanni 8 yana da littafin Ishaya a hannunsa, yana karantawa, amma sai da Filibus ya hau karusar ya zauna kusa da shi kafin ya gane. Kowace gunduma ta ikilisiya tana iya ware mako ɗaya a lokacin rani, bayan an gama girbi, ta tara masu bisharanta, a ɗauki littafi ɗaya kamar Irmiya ko Filibiyawa a bi shi daga farko zuwa ƙarshe tare da malami daga makarantar Littafi mafi kusa. Kuɗin abinci da na mota ne kawai, kuma bai kai abin da ake kashewa a taron shekara guda ɗaya ba.